Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'o'i Kan Sanarwar Da Ke Zuwa A Makare

Ranku ya daɗe shugabannin jami'o'i, magatakarda, da shugabannin sassan kula da harkokin ɗalibai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku kan wata magana da ba ta cika isowa teburinku ba.

Ni malami ne, a jami'a nake koyarwa. Cikin ayyukan da ba a rubuta mini a takardar ɗaukar aiki ba amma na daɗe ina yi, akwai rubuta wa ɗalibai wasiƙar shaida idan suna neman tallafin karatu ko gurbin koyon sanin makamar aiki. Wannan aikin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da nake gani a ƙofar ofishina kowace shekara ba ya zuwa gare ku, domin ba wanda ke kai ƙararsa. Ɗalibin da dama ta wuce shi ba ya rubuta takardar koke. Yakan ce ba rabonsa ba ne, ya share hawayensa ya koma aji.

Wata ranar Alhamis da yamma, wata ɗalibata 'yar ajin ƙarshe ta shigo tana haki, riƙe da hoton wata sanarwa da ta ɗauka da waya daga allon sanarwa na tsangayarmu. Ba ni da ɗalibin da ya fi ta ƙwazo a wannan shekarar. Ta ce, "Malam, don Allah ka taimake ni, gobe ake rufewa." Tallafin digiri na biyu ne a ƙasar waje, an ɗauke kuɗin makaranta da na zama da na jirgi. Ana son wasiƙar shaida biyu, da takardar sakamako mai hatimin jami'a, da sakamakon jarrabawar Turanci, da rubutu kan abin da mai nema yake son yi da karatun. Na zauna a daren na rubuta tawa wasiƙar. Amma takardar sakamako ba ta fita a yini ɗaya, jarrabawar Turanci kuwa ko rajistarta ba ta yi ba, domin ba wanda ya taɓa gaya mata za ta buƙace ta. Ba ta samu ta nema ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗan hatimi a saman takardar. Da na ƙara girman hoton, sai na ga ranar da sanarwar ta iso jami'a. Mako shida cur kafin a liƙa ta. Mako shida tana yawo daga wannan tebur zuwa wancan, kowa yana sa hannu yana rubuta an gani. Daga baya na ji cewa ɗalibai uku sun nema a kan lokaci. Na san su, yara ne na kirki, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Sai dai kowane ɗayansu yana da wani nasa da ya ga takardar tun tana cikin fayil ya tsegunta masa. Ita kuwa yarinyar ita ce ta fara shiga jami'a a danginsu kaf, ba ta da kowa a kowane ofis. Ba wanda ya zauna ya shirya zaluntarta. Duk da haka an zalunce ta, kuma da hannuwanmu.

Ga abin da nake so ku yarda da ni a kansa. Sanarwa amana ce da aka damƙa wa jami'a domin ta isar ga dukan ɗalibanta. Idan ta iso a makare, ko aka liƙa ta a lungun da ba kowa ke bi ba, to an riga an zaɓi waɗanda za su amfana tun kafin masu ba da tallafin su buɗe takardar kowa. Muna alfahari da cewa a jarrabawa ba mu duba ɗan wane ko 'yar wane. To me ya sa a rabon labarin dama muka bar ta ga wanda ya san wani?

Wa'adin da aka rubuta a jikin sanarwa ba shi ne wa'adin gaskiya ba, kuma wannan ne abin da ma'aikatan da ke riƙe takarda ba su cika lura da shi ba. Ku ɗauki tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara tun 1983. Akan buɗe shi wajen watan Agusta, a rufe cikin Oktoba ko farkon Nuwamba. Mai nema zai rubuta amsoshi kan jagoranci, da hulɗa da mutane, da dalilin zaɓar karatun, da shirinsa na aiki bayan ya dawo. Zai zaɓi kwasa-kwasai uku, ya kawo mutum biyu da za su shaide shi, sannan ya nuna yana da gogewar aiki ta shekara biyu, wadda suke lissafawa da sa'a 2,800. Wanda zai cika wannan sharaɗi na ƙarshe dole ya san da shi shekaru kafin ranar nema. Shirye-shiryen digiri na biyu na Erasmus Mundus, na Tarayyar Turai, yawancinsu tsakanin Oktoba da Janairu suke karɓar takardu, domin karatun da za a fara a Satumba mai zuwa. Tallafin Rhodes na Jami'ar Oxford yana da iyakar shekarun haihuwa, wanda ya ji labarinsa a makare ya wuce shi har abada. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL shekara biyu yake aiki, kuma kafin a same shi sai an yi rajista, an jira rana, an jira sakamako. Fasfo ma yana da nasa lokacin. Shirin Google Summer of Code, wanda tun 2005 yake biyan masu koyon rubuta manhaja su yi aiki da ƙwararru, kwanakin miƙa takardarsa kusan mako biyu ne kacal, kuma waɗanda suka fi samun shiga su ne waɗanda suka fara hulɗa da masu aikin tun kafin a buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ya ga sanarwa saura kwana uku, a gaskiya bai ga sanarwa ba, labarin abin da ya wuce shi ya gani.

Har sa'ar rufewa tana kayar da mutane. Wasu shafukan da tsakar rana suke rufewa, bisa agogon wata ƙasa dabam, ɗalibi kuma yana zaton yana da har tsakar dare. Na ga wanda ya kammala komai ya zauna ya tura da yamma, ya tarar an kulle tun sa'o'i da suka wuce. Layi ɗaya a ƙasan sanarwa da ya fassara sa'ar zuwa agogon da ɗalibi ke amfani da shi ya isa ya hana wannan.

Na san abin da wasunku za su ce, domin na sha jin sa a taron sashe: ai muna sawa a shafin jami'a, muna tura imel, yaran ne ba sa karantawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ku duba yadda muke turawa. Saƙon tallafin karatu yana zuwa a tsakiyar saƙon sauya ɗakin lacca da na gyaran famfo da na tunatarwar biyan kuɗi, duk da kai iri ɗaya, sau da yawa ma hoton takarda ne da ba ya karantuwa a waya. Wanda aka saba aika masa tarkace ba zai gane ranar da aka aiko masa da zinariya ba.

Ko da ma sun karanta, sanarwa ita kaɗai ba ta isa. Akwai wani gwaji da aka yi a Amurka a 2008, a jihohin Ohio da North Carolina, wanda Eric Bettinger da abokan aikinsa suka wallafa sakamakonsa a 2012. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi da suka je ofisoshin kamfanin H&R Block domin a cike musu takardun haraji, aka raba su kashi uku. Wasu aka taya su cike fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati nan take, aikin da bai kai minti goma ba tunda yawancin bayanan suna cikin takardun harajin. Wasu aka ba su bayani kawai kan tallafin da za su iya samu. Sauran ba a yi musu ko ɗaya ba. 'Ya'yan waɗanda aka taya cike fom, kashi 36 cikin ɗari suka kammala shekara biyu a manyan makarantu, a maimakon kashi 28 na waɗanda ba a taimaka wa ba. Waɗanda aka ba bayani kawai kuwa, ba a ga wani bambanci a kansu ba. Na daɗe ina juya wannan sakamakon a raina, domin ya yi daidai da abin da nake gani. Abin da ke tsayar da yaro mai hazaƙa sau da yawa ƙaramin abu ne. Bai san me ake nufi da wata tambaya ba, yana jin nauyin roƙon malami wasiƙa, bai taɓa ganin rubutun wanda ya yi nasara ba balle ya san yadda ake yi. Yana buƙatar mutum ya zauna kusa da shi na ɗan lokaci ya ce masa, nan ka rubuta kaza, wannan ba kai ya shafa ba, wuce.

Don haka roƙona na farko shi ne jadawali guda ɗaya na shekara, a wuri ɗaya da kowa ya sani, a fitar da shi makon farko na zangon karatu. Yawancin waɗannan damarmaki duk shekara suke zagayowa a kusan lokaci ɗaya, ba sai an jira takarda ta iso ba. A rubuta ranar rufewa, a kuma rubuta ranar da ya kamata a fara shiri, wadda ita ce ta fi muhimmanci. A ɗora wa ma'aikaci ɗaya, mai suna da ofis, alhakin cewa duk sanarwar da ta shigo za ta fita ga ɗalibai cikin kwana biyu na aiki, sa hannun manya ya biyo baya. A ware rana ɗaya a mako da ɗalibi zai shigo da fom ɗinsa a taya shi dubawa, kuma tsofaffin ɗaliban da suka taɓa cin irin wannan tallafi za su zo da murna idan aka gayyace su. Ofishin da ke fitar da takardar sakamako kuma ya faɗi kwanakin da yake ɗauka, ya tsaya a kansu. Mu malamai ma muna da namu kason, domin wasiƙar shaida da aka roƙa wata guda da ya wuce ba ta da dalilin kaiwa daren ƙarshe.

Yanzu bari in zo ga ɓangaren da na san zai fi yi muku nauyi.

Akwai wani wa'adi da ba na tallafin karatu ba, wanda yake wuce ɗalibai fiye da kowane, shi ne na rajistar zaɓe. Yawancin waɗanda ke shiga jami'a suna cika shekarun jefa ƙuri'a ne a daidai lokacin da suka bar gida. Adireshinsu ya sauya, ba su san ko a inda suke karatu za su yi rajista ba ko a inda iyayensu suke, ba su san ranar rufe rajista ba, wadda a ƙasashe da yawa takan zo makonni ko watanni kafin zaɓen. Sai ranar ta zo a ce matasa ba su damu ba. Wani lokaci ma mu ne muke sa jarrabawa ko gwaji a jajibirin zaɓe ko washegarinsa, yadda wanda rumfarsa ke nesa dole ya zaɓi ɗaya, makinsa ko ƙuri'arsa. Ba ɗalibin da zai zaɓi ƙuri'a a irin wannan hali, kuma ba zan zarge shi ba.

Za ku ce jami'a ba fagen siyasa ba ce. Na yarda jami'a ba ta da hurumin gaya wa kowa wanda zai zaɓa, kuma duk malamin da ya mai da aji dandalin yaƙin neman zaɓe ya ci amanar aikinsa. Amma gaya wa ɗalibi ranar da ake rufe rajista da takardun da zai riƙa ba goyon bayan wata jam'iyya ba ne. Wasu ƙasashe har doka suka yi a kai. A Amurka, inda aka sauko da shekarun zaɓe zuwa 18 a 1971, gyaran da aka yi wa dokar manyan makarantu a 1998 ya wajabta wa jami'o'in da ke cikin tsarin tallafin gwamnatin tarayya su yi ƙoƙarin raba wa ɗalibansu fom ɗin rajistar zaɓe. A Ingila, Jami'ar Sheffield ta haɗa kai da hukumar birnin, ta saka rajistar zaɓe cikin rajistar shiga makaranta, yadda ɗalibi yana cike bayanansa na shekara za a tambaye shi ko yana son a yi masa rajistar zaɓe. Daga baya dokar manyan makarantu ta 2017 ta buɗe hanyar da aka sa taimaka wa rajistar ɗalibai cikin sharuɗɗan da ake gindaya wa jami'o'in ƙasar. Masu cewa ɗalibai ba za su taɓa fitowa ba kuma su duba ƙididdigar da Jami'ar Tufts ke tattarawa: a zaɓen rabin wa'adi na 2014 a Amurka, wato na 'yan majalisa da ake yi a tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa, kashi 19 cikin ɗari na ɗaliban manyan makarantu suka jefa ƙuri'a, a na 2018 suka kai kashi 40. Dalilan suna da yawa, yanayin siyasar lokacin na ciki, amma dai ya nuna rashin fitowar ba halitta ba ce. Abin da nake roƙo a nan bai taka kara ya karya ba. Ku sa ranar rufe rajista da ranar zaɓe a jadawalin da na ambata, ku gayyaci hukumar zaɓe ta kafa tebur a harabar makaranta inda doka ta yarda, ku kuma nisantar da jarrabawa daga kwanakin zaɓe.

Amma kafin ɗalibi ya koyi zaɓen shugaban ƙasa, a cikin harabarku yake fara koyon mene ne zaɓe. Zaɓen ƙungiyar ɗalibai shi ne na farko da yawancinsu za su gani da idonsu daga farko har ƙarshe: sayen fom, tantancewa, muhawara, ƙidaya, karɓar kaye. Idan aka ɗage shi ba bayani, ko aka ba da kwana biyu kacal na tsayawa takara yadda sai wanda aka riga aka raɗa wa zai iya cika sharuɗɗa, ko aka rusa ƙungiyar aka naɗa kwamitin riƙo da ya shekara yana riƙo, to darasi muka koyar, kuma ya fi duk wanda muka rubuta a allo shiga kai. Mun koya musu cewa ana gama magana kafin a kira taro. Waɗannan yaran su ne gobe za su riƙe akwatunan zaɓe da kotuna da ma'aikatu, da abin da suka gani a wurinmu za su yi aiki.

Haka kujerun ɗalibai a kwamitocin jami'a. Ba kyauta ba ce da wani shugaba ya yi don kirkinsa, tana da tarihi. A 1918 ɗaliban Jami'ar Kordoba ta Ajantina suka yi yajin karatu, suka fitar da sanarwarsu ranar 21 ga Yuni, suna neman a sa su cikin tafiyar da jami'a tare da malamai. Sun samu, kuma tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Latin Amurka da dama. A yau jami'o'i da yawa a duniya suna da wakilin ɗalibai a majalisarsu. Sai dai sau nawa ake aika masa takardun taro da safiyar ranar, shafi ɗari, a ce ya faɗi ra'ayinsa? Sau nawa ake yanke ƙarin kuɗin makaranta ko sauya dokar ɗakunan kwana lokacin hutu, sannan a sanar bayan an dawo? Wannan ma sanarwa ce a makare, irin ta ɗalibata, sai dai ita kan dubban mutane take faɗawa lokaci guda. A Oktoban 2015 Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu ta sanar da ƙarin kuɗin makaranta na kashi 10.5 cikin ɗari. Zanga-zangar da ta fara a nan ta mamaye jami'o'in ƙasar cikin kwanaki, har ranar 23 ga watan shugaba Jacob Zuma ya sanar ba za a yi ƙari ba a 2016. Rikicin ya ci gaba a shekarar da ta biyo, an rufe makarantu, an yi asarar gine-gine da lokacin karatu. Ba na goyon bayan ƙona ko da kujera ɗaya, kuma na san matsalar kuɗin jami'o'i ta fi ƙarfin shugaba ɗaya. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, ɗalibai za su yi magana ko ta yaya. Ku ne ke da ikon zaɓar ko za ku ji ta a ɗakin taro wata uku kafin a yanke hukunci, ko a bakin ƙofar makaranta bayan an yanke. Ku ba wakilinsu takardu mako guda kafin zama, ku buɗe lokacin jin ra'ayi kafin duk wani sauyi da ya shafi aljihunsu ko makwancinsu, ku sa ranar zaɓen ƙungiyarsu a kalandar jami'a kamar yadda kuke sa ranar jarrabawa, kada ta motsa sai da dalilin da za a iya faɗa a bainar jama'a.

Ranku ya daɗe, na san nauyin da ke kanku. Kuɗi ba sa isa, ma'aikata sun yi kaɗan, kowace safiya da wutar da za ku kashe. Shi ya sa ban roƙi sabon gini ko sabuwar cibiya ba. Duk abin da na lissafa, da ma'aikatan da kuke da su da shafin intanet ɗin da kuke da shi za a yi shi. Idan kuna shakkar abin da na faɗa, ku gwada abu ɗaya a wannan makon. Ku sa a kawo muku sanarwa goma na ƙarshe da suka shigo jami'arku daga masu ba da tallafi ko guraben horo, ku duba hatimin ranar da kowace ta iso, ku duba ranar da ɗalibai suka gan ta, ku ƙirga kwanakin da ke tsakani. Sannan ku tambayi sunayen waɗanda suka nema, ku ga ta ina kowannensu ya ji labari.

Ɗalibar nan ta gama karatunta da sakamako mafi kyau a ajinsu. Bana ta sake rubuto mini tana neman wasiƙar shaida, wata huɗu kafin ranar rufewa, kuma na riga na tura mata. A bayanta akwai wasu da suka shigo ajin farko a wannan zangon, waɗanda ba su da kowa a kowane ofis, kuma saboda su na rubuto.

Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Wani malamin jami'a